Sakatar Bindigar Baba

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Baba ya ci gwajin harbi. Ni na kai shi filin da motata, kuma Allah ya gani, duk tsawon hanya fatan da nake yi a zuci shi ne ya faɗi. Ƙa'ida ce kowace shekara kafin a buɗe farautar elg, wata ƙatuwar dabbar daji mai ƙaho dangin barewa: harsashi biyar, duk su shiga da'irar da aka zana a ƙirjin hoton dabbar. In ɗaya ya kauce, babu kai babu daji a bana. Na ce a raina shi ke nan, kwalin hoton zai faɗa masa abin da ni na kasa faɗa, ni kuma in koma mai rarrashi.

Ya kwanta rub da ciki ya saita kamar ɗan shekara talatin. Biyar ɗin nan suka taru wuri guda, tafin hannuna zai iya rufe su. Halvard, shugaban ƙungiyar farautarsu, ya buga masa hatimi yana dariya, ya ce, "Oddvar, kai kam sai dai mutuwa ta ƙwace maka bindigar nan." Baba ya ja sakatar bindigar baya, ƙarfen nan da ke tura harsashi ciki, ya nuna wa kowa babu komai a cikinta, sannan ya rataya ta. Haka yake yi duk sanda mutum ya matso kusa da shi, tun ina ƙarama.

A mota ya tambaye ni ko Borghild ta dafa dankali. Mama ke nan, wadda ta shekara huɗu a kabari. Na ce masa ta dafa.

Lahadi, 7 ga Satumba, da rana

Baba yana lafiya. Ya ci abinci sosai.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan na taso daga aiki

Yau a ɗakin girkin makaranta kowa ya zama masanin tsaro. An fasa gidajen hutu na kan dutse, an kuma shiga gidan wata tsohuwa a can ƙasan kwari tana coci, aka kwashe mata cokulan azurfa. Ina fere dankalin yara, malamai suna shigowa ɗaya bayan ɗaya neman kofi, kowa da hukuncinsa a baki. Malamin lissafi ya ce shi dai daga yau bindigarsa ta tsuntsaye a ƙarƙashin gado za ta kwana, tunda an rufe ofishin 'yan sandan garinmu, kafin su iso daga birni ɓarawo ya gama ya sha shayi. Mutumin da ko kaza aka yanka a gabansa sai ya runtse ido.

Shugabar makaranta, wadda ta zo mana daga birni bara, ta ce ita abin da ke tayar mata da hankali shi ne gida uku cikin huɗu a kwarin nan akwai bindiga, kuma kowa yana maganar kamar ana zancen shebur. Na ce mata ai shebur ɗin ce, da ita muke cika firiza kafin sanyi. Ta ce, "Torunn, shebur ba ta kashe mutum daga tsallaken kogi." Na ci gaba da fere dankalina. Na tsani mutum ya faɗi gaskiya da irin wannan muryar.

Jumma'a, 12 ga Satumba, da yamma

Taron gari a kan maganar ɓarayi. Na tafi da Baba don ba na son barinsa shi kaɗai da murhu. Aka yi ta ja, wasu na cewa a riƙa sintiri da bindigogi, wasu na cewa a rubuta wa hukuma a dawo mana da 'yan sanda. Halvard ya miƙe ya ce bindigar kwarin nan ta nama ce, ba a taɓa saita ta a kan ɗan Adam ba, kuma ranar da aka fara, shi zai ajiye shugabanci. Aka yi tafi, har da masu son sintirin.

Sai Baba ya ɗaga hannu. Ya tashi tsaye ya ce duk wanda ya ajiye bindiga da harsashi a ɗakin kwanansa, ba ɓarawo zai fara harbi ba, matarsa ce in ta tashi shan ruwa. Ya zauna. Magana tsaf, babu tuntuɓe ko ɗaya. Mutane suna ta cewa tsohon nan har yanzu kansa garau. Ni kuwa na ji daɗi har na ji haushin kaina, domin da muka fito bai gane motarmu ba.

Lahadi, 14 ga Satumba, da safe

Yaya Steinar ya bugo waya daga birni. Na ɗan gutsura masa labari, ban ba shi duka ba. Nan da nan ya yanke hukunci: a kai Baba wurin likita, likita ya sanar da 'yan sanda, su zo su karɓi bindigar, magana ta ƙare. Shi komai a wurinsa sai ya ƙare kafin kofinsa ya huce. Daga nan ya zarce da wa'azin da ya saba, wai abin kunya ne a ce 'yan sandan ƙasar nan suna yawo hannu rabbana, bindigoginsu a kulle cikin akwatin mota, sai sun nemi izinin babba ta waya kafin su taɓa. Shi yana so kowane ɗan sanda ya rataya tasa a ƙugu, dare da rana.

Na ce, "Yaya, kai da kake zuwa sau biyu a shekara, ka zo ka karɓe ta da hannunka mana. Ka tsaya gabansa ka ce masa shi ba maharbi ba ne kuma."

Ya ce kar in mai da abin na zuciya. To na mene ne, in ba na zuciya ba? Shekara sittin mutumin nan yana shiga daji kowace kaka. Sunayen jikokinsa sun fara zubewa, amma ya san kowane rafi da kowane kututture. In aka cire masa wannan, ban san abin da zai rage a zaune a kujerar nan ba.

Talata, 16 ga Satumba, da rana

Abin da na tarar a tagar ɗakin girkinmu da safen nan ba zan rubuta shi ba. Maƙwabciyarmu Aslaug tana lafiya, ba ta ma san an yi wani abu ba. Tana tsintar naman kaza ne, irin mai tsirowa a ƙasa, a bakin daji, sanye da rigar ruwanta mai launin ƙasa. Baba ya ce ɗan elg ne ya rabu da uwarsa. Na kira sunansa a hankali, na sake kira, sannan ya sauke bindigar.

Ban je aiki ba. Na ce musu kaina ke ciwo.

Laraba, 17 ga Satumba, da yamma

Na cire ta. Makullin akwatin bindiga a wuyansa yake rataye, sai in zai yi wanka yake ajiyewa a kan tebur. Yana banɗaki ina jin ƙarar ruwa, na buɗe, na zare sakatar kamar yadda shi da kansa ya koya mini ina 'yar shekara goma sha biyu, na mayar da bindigar inda take. Babu sakata, bindiga sanda ce kawai. Na naɗe ƙarfen a tsumma na cusa shi can ƙasan firiza, ƙarƙashin naman bara.

Hankalina ya kwanta a karon farko cikin watanni.

Asabar, 20 ga Satumba, da rana

Na je wurin Halvard na faɗa masa komai, har maganar Aslaug. Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce su ma sun lura tun bara, ba wanda ya iya buɗe baki ne. Sai ya kawo shawara: kar a kai maganar ko'ina. Za su ajiye Baba a matsayar tsohon injin niƙa, kusa da titi, inda elg bai taɓa bi ba tunda aka kafa ƙungiya. A ba shi kofinsa da kujerarsa da bindigarsa marar sakata, ya zauna ya ji kukan karnuka daga nesa, da yamma a ba shi kasonsa na nama kamar kowa.

Na tambaye shi in Baba ya lura fa? Ya ce, "'Yata, wanda ke neman matarsa da ta rasu a ɗakin girki, shi zai lura da ɗan ƙarfe?" Na ji zafin maganar, amma na yarda da ita don ita nake son ji.

Mun rabu kowa yana ganin ya yi alheri.

Litinin, 22 ga Satumba, da yamma

Baba yana lafiya. Ya wuni yana shafa wa takalmansa mai.

Alhamis, 25 ga Satumba, da yamma

An buɗe farauta, kuma komai ya tafi yadda Halvard ya ce. Sun kayar da babban namiji mai ƙaho kafin azahar, sai da tarakta ta jawo shi. Baba ya dawo kumatunsa jawur, yana wari irin na hayaƙin itace, yana ba ni labarin yadda dabbar ta so ta ɓullo ta wurinsa amma ta ji ƙamshinsa ta juya. Ya ce elg ma ya san wanda zai guje wa. Na yi dariya har da hawaye. Na soya masa hanta da albasa, ya cinye, ya kira ni da sunana daidai har sau biyu.

Yaya Steinar da likitansa su zo su ga wannan fuskar.

Lahadi, 28 ga Satumba, da rana

Ƙungiya ta tafi hutu sai Asabar mai zuwa, kowa ya koma aikinsa. Na gaya wa Baba. Na sake gaya masa. Na rubuta da manyan baƙi na manna a ƙofa.

Talata, 30 ga Satumba, da yamma

Asibitin birni. An fito da shi daga tiyata. A cinya ne. Sun ce zai rayu.

Laraba, 1 ga Oktoba, da safe

Ba zan iya ba yau.

Jumma'a, 3 ga Oktoba, da rana

Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ina yanka burodin yara shugabar makaranta ta shigo fuskarta ta yi fari fat, ta ce a kulle ƙofofi, kowa ya nisanci taga. Wani direban babbar mota, baƙo, ya ga mutum da bindiga yana tafe a gefen shingen makaranta, ya buga wa 'yan sanda. Kuma ranar, cikin rashin sa'a, suna kusa, sun zo duba gidajen da aka fasa. Ni ban nisanci taga ba. Hanyar tsohon injin niƙa ta bayan makaranta take bi. Baba ne, ya manta jar hularsa ta maharba a gida.

Na ce mata mahaifina ne, bindigar ba ta harbi, ta bar ni in fita. Ta tsaya a ƙofa ta ce akwai yara tamanin a ginin nan, ba za ta buɗe ba ko uban wa ne. Na buga lambar gaggawa, na ce wa matar da ta ɗauka bindigar ba ta da sakata. Ta ce in maimaita. Ta ce yaya aka yi na tabbata. Ina cikin yi mata bayanin firiza motar 'yan sandan ta tsaya.

Su biyu ne. An riga an ba su izini, tunda makaranta ce, bindigoginsu a hannu suka fito. Ƙaramin cikinsu ya yi ta ɗaga murya a ajiye bindiga. Kunnen Baba na hagu ya daɗe da mutuwa saboda harbi. Abin da ya gani shi ne mutane sun matso kusa da shi. Na ga ya yi musu murmushi, ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya kai hannunsa na dama gefenta don ya ja sakata ya nuna musu babu komai a ciki. Hannun ya lalubi wurin bai samu komai ba, sai ya ɗan juya bindigar ya duba.

Duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san wannan motsin gaisuwa ce. Yaron ba a nan ya tashi ba.

Ban ji ƙarar harbin da ƙarfi ba ta cikin gilashi.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da yamma

Yaya Steinar ya iso. Mutumin da wata guda bai cika ba yake cewa a rataya wa kowane ɗan sanda bindiga a ƙugu, yau shi ne yake zagaye harabar asibiti yana cewa an ba yara makami ba su san darajar rai ba, sai ya ga bayan yaron nan a kotu. Na tuna masa maganarsa ta waya. Ya ce wannan daban. Na ce eh, daban ne, wannan karon ubanka ne.

Daga baya ya zauna kusa da ni ya ce a hankali, da na bi shawararsa da ba mu zo nan ba. Na so in zage shi, na duba ko'ina cikin raina ban sami abin da zan zage shi da shi ba.

Talata, 7 ga Oktoba, da rana

Masu bincike sun zo gida. Na buɗe musu firiza. Ɗayansu, wata mace mai furfura, ta daɗe tana kallon tsumman, ta ce in bar shi tukuna sai sun kawo takardarsu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Gari ya rabu biyu. A kanti wasu na cewa da 'yan sandanmu na da ne, waɗanda suka san kowa da sunan kakansa, da hannu kawai za su ɗaga su ce Oddvar, koma gida. Wasu na cewa in ɗanka ne a ajin nan fa, kuma baƙo ne da bindigar, so kake su tsaya gaisuwa? Malamin lissafi ya mayar da tasa akwati. Shugabar makaranta ta aiko mini da miya a kwano. Har yanzu ban yanke ko zan iya kallon fuskarta ba, ko da yake na san da ni ce a ƙofar nan, kuma uban wata ne a waje, da ban buɗe ba.

Halvard bai zo ba. An ce ya soke sauran farautar bana.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Baba yana

A'a.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Yaron ya zo asibiti. Sunansa Sondre. Ba kaki a jikinsa, sai rigar sanyi da ta yi masa yawa, kuma kana ganinsa ka san ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Ya ce an gargaɗe shi kar ya zo kafin a gama bincike, amma ya kasa. Na yi ta tsara maganganun da zan faɗa masa tun ranar, sai ga shi sa'an ɗan Yaya Steinar ne. Na matsa masa kujera.

Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Yau idonsa a buɗe yake, irin na ranar taron gari.

Ya ce, "Kai ne ka harba?"

"Ni ne, Baba."

"Me ka gani kafin ka ja kunama?"

Sondre ya ce ya ga hannunsa ya tafi wurin sakata, ga kuma tagogin yara a bayansa, ya ɗauka harsashi zai tura. Baba ya gyaɗa kai kamar yana sauraron sabon maharbi da ya kuskure dabba. Ya ce masa a nan in ka haɗu da mutum buɗe bindiga ake yi, ya riƙe wannan tunda a nan aka turo shi aiki. Ya ce amma ya yi kyau da ya saita ƙasa.

Sannan ya ƙara da cewa, "Ai ma babu sakatar. Torunn ta cire tun kafin a buɗe farauta. Hannun ne kawai ya tafi da kansa."

Na ce, "Baba, ka sani?"

"Bindigar da na ɗauka shekara sittin? Ina ɗaga ta na ji nauyinta ya ragu." Ya juyo ya kalle ni. "Kin yi daidai. Saura kaɗan in harbi Aslaug."

Na tambaye shi me ya sa bai ce komai ba, duk kwanakin nan yana shafa wa takalma mai, yana ba ni labarin elg da ya ji ƙamshinsa.

Ya ce, "Ke ma ai ba ki ce komai ba, 'yata. Na ga kina son in ji daɗi, sai na ji."

Sondre ya tashi ya fita ya bar mu. Na riƙe hannun Baba, muka daɗe a haka. Can ya tambaye ni wane ne saurayin nan da ya fita, kuma ko Borghild ta dafa dankali.

Litinin, 13 ga Oktoba, da yamma

Sun zo da takardarsu, na ba su sakatar. Sai da na bar ta a kan tebur ƙanƙarar ta narke, ta jiƙa mini mayafin teburin Mama. Sun ce bindigar ba za ta dawo ba, na ce na sani. Likitan ƙafa ya ce Baba zai yi tafiya da sanda a cikin gida, amma ba zai ƙara hawa dutse ba. Gobe ɗayan likitan, na ƙwaƙwalwa, zai gan shi, wanda na yi ta kauce wa ƙofarsa tun bara. Yaya Steinar zai raka mu, ni zan yi bayani.

Na duba baya cikin littafin nan na ga abin da na yi ta rubutawa.

Baba ba shi da lafiya. Ya daɗe ba shi da lafiya, kuma ya riga ni sani.